Ranar da Muka Cire Rufin Baƙar Mota

Na manta abubuwa da yawa daga zamana na Jidda. Sunayen tituna sun gudu, fuskokin waɗansu da muka ci abinci kwano ɗaya da su sun dushe, har Larabcin da nake taƙama da shi ya fara zubewa daga bakina. Amma akwai wata Juma'a guda da na tabbata ba za ta rabu da ni ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Ita ce ranar da na ga babban mutum dafe da ƙirjinsa, mutuwa tana tsaye a kansa, ga mota a ƙofa, ya ce shi ba zai shiga ba.

Ni mai fentin mota ne. Umra ce ta kai ni, na yi zamana kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi, har daga baya Allah ya haɗa ni da kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, na samu iƙama, takardar izinin zama. A wata warsha nake aiki, wato gareji, can kudu wajen Kurayyat. Abin da zai ba ku dariya shi ne duk shekarun da na yi ina shafa motoci, ina goge su, ina sanin kowane lanƙwasa na jikinsu, ban taɓa koyon tuƙi ba. Ni dai ku ba ni mota a tsaye.

A shekarun tamanin ɗin nan fetur ba abin da ake tunani ba ne a ƙasar, don haka akwai mutanen da suka zauce a kan wasu motocin Amurka masu ƙofa biyu, masu dogon hanci da inji mai silinda takwas. Idan aka tayar da ɗaya a kusa da kai, a ƙirjinka za ka fara jin ta kafin kunnenka. Kowace Alhamis bayan La'asar masu irin waɗannan motoci sukan taru a bakin teku wajen Ruwais. Kowa ya jera tasa, ya ɗaga bonet, a zuba shayi, a yi ta musu har a kira Magariba. Akwai mai fitilun da suke ɓuya sai an kunna su, akwai mai faffaɗan baya da ratsi biyu tun daga hanci har wutsiya, akwai wata ruwan lemo da ƙararta ta fi ta kowa amma ba ta cika zuwa ba saboda rabin rayuwarta a gareji take. Duk waɗannan 'yan rakiya ne. Musun gaske a kan motoci biyu yake, kuma masu su duka Hausawa ne.

Na farko haifaffen Jidda ne, kakanninsa da ƙafa suka zo. Yana da shagon kayan lantarki a Bagdadiyya, siriri, mai yawan dariya, Hausarsa rabi Larabci. Motarsa baƙa ce wuluk, doguwa, ta kwanta ƙasa, da hoton wani tsuntsu ruwan zinare ya baje fukafukai ya cika bonet. Rufinta gilashi ne gida biyu, ana iya ɗage kowane ɓangare a ajiye a gefe. Shi muke kira Mai Tsuntsu.

Na biyu Bahaushen Sudan ne, direban babbar mota ne kafin ya koma sayar da tayoyi. Ƙato ne, mai nauyin jiki da nauyin magana, ba ya wasa da salla, kuma idan ya ce a'a to an gama. Motarsa ja ce, ta girmi baƙar da wajen shekara goma, gajera a kan waccan, bayanta ya zubo a hankali har ƙasa, ba wani ado a jikinta sai ɗan ƙaramin doki na ƙarfe yana gudu a hancinta. Shi ne Mai Doki. Dukansu sun girme ni sosai, Kawu nake ce musu, su kuma su ce mini Mu'allim, yadda ake kiran gwanin sana'a a can.

Ni nake yi wa motocin biyu aiki, saboda haka ina da ra'ayi, kuma ba zan ɓoye shi ba. A idon mai fenti jar ta fi kyau. Idan ka bi jikinta da tafin hannu ba inda za ka ji an yi ƙari ko an rage. Baƙar kuwa ta fi farin jini, nesa ba kusa ba. Samari a kanta suke taruwa, masu ɗaukar hoto ita suke nema, ango idan zai yi fita ita yake roƙo. Jar sai dattawa, da Turawan da suka zo aiki, su tsaya su zagaya ta shiru suna gyaɗa kai. To a nan musun yake, kuma ba ya ƙarewa, domin kowannensu abin da yake aunawa daban.

"Ya zol, ƙirga mutanen da ke kan tawa, ka ƙirga na kan taka," in ji Mai Tsuntsu. Da gangan yake kiransa ya zol, yadda mutanen Sudan suke kiran juna.

"Ƙuda ma yana taruwa," in ji Mai Doki, ko kallonsa bai yi ba. "Cire kazar nan da ke bonet ka ga ko mutum ɗaya zai tsaya. Tawa ba ta sa kwalliya ba, haka aka haife ta."

"Kaza? Wallahi haram alaik. Wannan kaza ce?"

"Kaza ce. Kuma mota ce da ake cire wa hula. Ranar da aka yi ruwa ka zo ka ba ni labari."

Rufin nan na gilashi shi ne abin da Mai Doki ya fi rainawa. Yakan ce motar da ba ta yanke shawara ba, ita mai rufi ce ko marar rufi, ba mota ba ce. Mai Tsuntsu kuma yakan ce jar kujerunta kamar bencin makarantar allo, kuma ba ta san kwana ba sai miƙaƙƙiyar hanya. Wanda bai san su ba zai ɗauka gaba suke yi. Alhali Mai Tsuntsu ne ya tsaya a auren 'yar Mai Doki, kuma babu Sallar da iyalansu ba sa cin abinci tare. Harshe da haƙori ne kawai.

Abin ya lalace ne wata Alhamis da aka cika sosai. An tashi za a watse, Mai Doki ya murɗa makulli, jar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta ƙi. A gaban kowa. Samari suka fara ƙunshe dariya. Mai Tsuntsu ya matso da tasa a hankali har gefensa, ya taka mai ta yi gurnani, ya miƙa hannu ya buɗe ƙofa.

"Taho in rage maka hanya. Ka ɗanɗani mota ko sau ɗaya kafin ka mutu."

Wurin ya fashe da dariya. Na ga wuyan Mai Doki ya kumbura. Ya fito daga motarsa, ya tsaya, ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, ba zan taɓa shiga motar nan ba. Ko mutuwa nake yi."

Dariyar ta tsaya. Wani dattijo da yakan zo kallo ya ce, "Subhanallah, ɗan'uwa, a kan ƙarfe? Ka ciyar da miskinai goma ka warware wannan tun yanzu." Mai Doki ya ce shi bai rantse don ya warware ba. Ya kulle motarsa, ya kama hanya da ƙafa. Washegari aka gano wayar batir ce kawai ta saki.

Magana zarar bunu ce. Shekaru suka wuce, abota tana nan, musu yana nan, rantsuwa ma tana nan. Idan za su tafi Makka tare, motoci biyu ake fita da su, ɗaya a bayan ɗaya, ko su hau ta haya. Mai Tsuntsu ya yi ta lallashi da farko, daga baya ya mayar da abin wasa, yakan buɗe ƙofa ya ce, "Tafaddal," Mai Doki ya ce, "Allah ya kiyaye," a yi dariya. Mu duka mun saba, har muka daina ganin abin a matsayin rantsuwa. Shi kaɗai ne bai daina ba.

A farkon shekarun casa'in masu taruwar nan suka shirya babban zama, har da masu zuwa daga wasu garuruwa, aka ce ranar za a raba gardama. Mai Doki ya kawo mini jar ya ce in sauke fentin gaba ɗaya in sake, yana son ja irin wanda ta fito da shi. Na ɗora ta a kan katako, aka cire tayoyi huɗun aka kai wankin ƙarfe, na rufe gilasanta da jarida, na goge ta har ta koma launin toka. Ya ce kada in bari kowa ya gani, musamman mutumin nan. Shi ya sa nake aikin ranar Juma'a, lokacin da mai warsha da sauran ma'aikata ba sa nan.

Wanda bai zauna Jidda ba ba zai gane yadda gari yake bayan sallar Juma'a a lokacin zafi ba. Kowa ya shige gida, shaguna a rufe, unguwar gareji kuwa ko kyanwa ba ka gani. Iska mai ɗumi da danshi ce take manne maka riga a jiki. A irin wannan lokacin Mai Doki ya iso, ya sauka daga bas a babban titi ya tako da ƙafa, jallabiyarsa ta jiƙe. Na nuna masa jan da na haɗa a jikin wani gwangwani. Ya duba a inuwa, ya fita ya duba a rana, ya ce in ƙara duhu kaɗan. Yana magana yana shafa ƙirji. Na tambaye shi, ya ce ƙwarnafi ne, waken safe ne bai zauna ba.

Ba a jima ba muka ji gurnanin nan da ba a ɓata shi. Mai Doki ya rufe ido ya ce, "Wa ya gaya masa?" Ba wanda ya gaya masa, hancinsa ne ya kawo shi. Mai Tsuntsu ya shigo da ƙullin shinkafa da kifi a hannu, ya ce shi abinci ya kawo wa Mu'allim, bai san da kowa ba. Sai ya tsaya ya kalli jar a kan katako, ba taya, ba launi.

"La ilaha illallah. Dokin ne aka feɗe haka? Ina naman?"

Na jira amsa, domin Mai Doki ba ya barin irin wannan ta wuce. Shiru. Na waiwaya na gan shi zaune a kan gwangwanin fenti, ya sunkuya, hannun dama ya damƙe kafaɗar hagu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Fuskarsa ta yi wani irin toka da ban taɓa gani a jikin baƙin mutum ba. Mai Tsuntsu ya saki ƙullin abincin a ƙasa.

"Wannan ba ƙwarnafi ba ne. Yalla, Mu'allim, kama shi. Mustashfa, asibiti."

Muka ɗaga shi, hannu ɗaya a wuyana, ɗaya a wuyan abokinsa. Yana takawa da kyar har bakin ƙofa. Baƙar tana nan a rana, tsuntsun yana ƙyalli. Sai na ji nauyinsa ya tsaya cak.

"Ba wannan ba."

Wallahi na ɗauka wasan da suka saba ne, har na fara murmushi. Mai Tsuntsu ma ya ce, "Halas, ya zol, ba lokacinsa ba ne." Amma Mai Doki ya kafe ƙafafunsa a ƙasa, ya ce, "Na rantse. Ku nemo wata."

Wata a ina? Tasa tana kan katako. Motocin da ke cikin warsha ba mai tashi, kuma makullansu suna ofis, wayar tarho ma tana ofis, ofis kuma a kulle da ƙofar ƙarfe. A lokacin ba wanda yake yawo da waya a aljihu. Muka zaunar da shi a inuwar bango, na zura da gudu zuwa babban titi. Na tsaya a tsakiyar kwalta ina ɗaga hannu. Ba tasi, ba bas. Wata mota guda ta zo, mai ita ya ga baƙin mutum da kayan aiki duk fenti yana tsalle a titi, ya kauce ya ƙara mai. Ban ga laifinsa ba. Na bubbuga ƙofofin garejin maƙwabta, ba kowa. Ban san tsawon lokacin da na ɓata ba, kuma har yau ba na son in sani.

Da na dawo, abin da na tarar shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mai Tsuntsu, mutumin da ko ƙura ba ya bari ta taɓa farar rigarsa, yana durƙushe a cikin baƙin mai da ƙasa, ya riƙe gwiwoyin abokinsa.

"Na yarda taka ta fi. Ka ji? Ta fi kyau, ta fi asali, tawa kaza ce. A gaban kowa zan faɗa ranar taron. Ka shiga."

"Ba maganar mota ba ce yanzu," in ji Mai Doki, numfashinsa yana yankewa. "Sunan Allah na kama."

"Allahn da ka kama ya ba ka mafita. Miskinai goma ne. Ni zan ciyar, yau ɗin nan, kafin Magariba."

"In na mutu a hanya fa? Kafin ka ciyar? In je gabansa da karyayyar rantsuwa a hannuna, ita ce aikina na ƙarshe?"

A nan na gane ba taurin kai ba ne kawai, ba kuma girman kai ba. Tsoro ne. Mutumin nan ya san mutuwa ce take taɓa shi, kuma ya fi tsoron abin da zai tarar a can fiye da ita kanta. Ni ba malami ba ne, amma na san addinin da ya halatta wa mai jin yunwa cin mushe ba zai ce mutum ya mutu a bakin gareji saboda maganar da ya yi cikin fushi ba. Sai dai wannan ba lokacin karatu ba ne, kuma ba zai saurara ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, duka a lokaci guda.

Na ce wa Mai Tsuntsu, "Kawu, tashi. Ɗaukarsa za mu yi."

Mai Tsuntsu ya kalle ni. A tarbiyyarmu ba a kama babba da ƙarfi, kuma shi bai taɓa yi wa abokinsa dole a kan komai ba. Na ce, "Wanda aka fi ƙarfinsa ba shi da laifi. In akwai zunubi, a wuyana da wuyanka." Ya share fuska da hannun riga ya miƙe.

Muka cicciɓe shi. Yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, ku sake ni," amma ƙarfinsa ya tafi. Sai dai motar nan a ƙasa take, ƙofarta doguwa ce amma rufinta gajere, shi kuma ƙato, ga shi ya sandare ya ƙi lanƙwasa, ya sa hannu ya riƙe bakin rufin. Muka gwada ta kai, muka gwada ta ƙafa, abu ya ƙi. Sai Mai Tsuntsu ya ce in riƙe shi. Ya zura hannu ciki, ya ɓalle maƙallin, ya ɗage gilashin rufin na wannan ɓangaren ya jingina shi da bangon warsha. Sama ta buɗe. Ba abin da zai riƙe kuma. Muka ɗaga shi muka sauke shi a kujera daga sama, kamar yadda ake sa jariri a kwando. Rufin da ya yi shekaru yana yi wa dariya, ta nan ya shiga.

"Ku shaida," in ji shi, hawaye yana bin gefen fuskarsa, "ban shiga ba. Sa ni aka yi."

"Mun shaida," muka ce tare.

Na tsallaka na cusa kaina a 'yar kujerar baya, na riƙe kansa da hannu biyu. Na sha jin motar nan tana gurnani don burga a bakin teku, amma ban taɓa jin ta tana aiki ba sai ranar. Titunan ba kowa. Mai Tsuntsu yana tuƙi, bakinsa yana ta motsi da addu'a. Iska tana shigowa ta sama tana kaɗa mu. Mai Doki ya kwantar da kansa a hannuna, idonsa a buɗe, yana kallon sama ta inda rufin yake a da. Ina ta maimaita masa kalmar shahada yana amsawa. Can ya daina amsawa, har na tsorata, sai na ji ya ce a hankali, "Ashe ana ganin sama daga nan."

A asibiti suka karɓe shi da sauri, suka yi iya yinsu. Mai Tsuntsu bai zauna ba. Da aka shige da shi ya ce in tsaya, ya fita. Daga baya na ji gidan abinci ya je ya sa aka buɗe, ya sayi shinkafa da nama, ya bi gindin gada yana rabawa da rigarsa mai baƙin mai. Ya ce bai ƙirga ba, ya dai tabbata sun haura goma.

Washegari da rana aka bar mu muka shiga mu gan shi. Ya rame a dare ɗaya, an sa masa robobi a hanci da hannu. Matarsa da babban ɗansa suka matsa gefe. Ya buɗe ido ya ga abokinsa.

"Ka ciyar?"

"Na ciyar tun jiya, kafin Magariba. Ko da yake ba ka karya komai ba."

Ya lumshe ido, ya ce alhamdulillah. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sannan ya ce, "Tana da gudu." Mai Tsuntsu ya sunkuyar da kai. "Kuma kujerar ta fi tawa laushi. Kada ka gaya wa kowa." Ya ɗan ja numfashi. "Amma tsuntsun nan kaza ce."

Mai Tsuntsu ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ya fita daga ɗakin. Wannan ita ce maganarsu ta ƙarshe. Mai Doki ya rasu washegari da hantsi, aka yi masa salla bayan Azahar.

Ba zan ce jinkirin nan ne ya kashe shi ba. Ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma ba likitan da ya ce mana haka. Amma ni ɗan Adam ne, kuma ni ne na tsaya a tsakiyar titi ina ɗaga hannu alhali ga mota mai lafiya a ƙofa. Wannan tunanin yakan zo mini har yanzu, in yi istigfari in kore shi.

Bayan an share makoki Mai Tsuntsu ya zo warsha ya ce in ƙarasa fentin. Na ce da wane ja? Ya ce wanda mai ita ya zaɓa. Na ƙara duhun nan kaɗan kamar yadda ya ce. Ban taɓa yin aikin da hannuna ya natsu a kansa kamar wannan ba, kuma ban taɓa yin wanda na ƙi jinin gamawa kamarsa ba. Na nuna masa gilashin rufinsa da yake jingine a bango tun ranar, na ce ya ɗauka in taya shi mayarwa. Ya kalle shi ya ce, "Bar shi nan, Mu'allim."

Ranar babban taron ɗan marigayin ne ya tuƙo jar, ni ina gefensa. Yaron haifaffen Jidda ne, yana jin Hausa amma ba ya iya mayarwa sosai, kuma shi ba ruwansa da musun motoci. Muka jera ta kusa da baƙar kamar kullum. Baƙar ta zo da rabin rufi. Mutane suka cika, kuma kamar yadda aka saba, samari suka yi wa baƙar zobe, jar kuma 'yan dattawa. Wani saurayi daga baƙin da suka zo, wanda bai san komai ba, ya leƙa jar ya ce da Larabci wannan ai ta tsufa, ba ta da wani abin kallo. Ya juya ga Mai Tsuntsu, ya kira shi ya ammi, wato baffa, ya ce, "Halas, fili naka ne. Dubi mutanen da ke kan taka."

Waɗanda suka sani suka kalli juna. Mai Tsuntsu ya ajiye kofin shayinsa a kan bonet ɗin motarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tako ya tsaya a gaban jar.

"Ƙuda ma yana taruwa," in ji shi.

Daga nan ya ɗauko. Ya ce a cire kazar da ke bonet ɗinsa a ga ko mutum ɗaya zai tsaya. Ya ce wannan ba ta sa kwalliya ba, haka aka haife ta. Ya kama hannun baƙon saurayin nan ya bi da shi ta bayan motar ya ce ya ji yadda ta zubo, ya nuna masa inda aka yi ƙari in ya iya. Ya ce motar da ake cire wa hula ba mota ba ce. Duk maganganun marigayin, ɗaya bayan ɗaya, har da yadda yake jan "kaza" a bakinsa, cikin Hausa, ga baƙon saurayin da ba ya jin ko kalma ɗaya. Hawaye yana zuba bai share ba. Ɗan marigayin ya juya mana baya yana kallon teku. Ba a raba wata gardama ranar ba, kuma ba wanda ya sake tayar da ita.

Daga ranar, duk Alhamis ɗin da ya zo, ɓangaren jar yake zama. Wata rana na tambaye shi, na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, wacce ta fi?" Ya ce, "Ban sani ba, Mu'allim. Ban taɓa sani ba. Ni dai ina son in ji abin da zai ce."

Na bar Jidda shekaru da yawa bayan haka, kuma har na tafi gilashin rufin nan yana jingine a bangon warsha, ƙura ta rufe shi, ba wanda ya zo ɗauka. Abin da ranar ta koya mini bai wuce biyu ba. Sunan Allah ba abin ɗauka ba ne a cikin wasa ko a cikin fushi, domin mai tsoron Allah zai riƙe abin da ya faɗa har inda ba ka zata ba. Duk wanda ya rantse a gabana yanzu a kan abin banza, ba na dariya, a take nake ce masa ya je ya ciyar ya warware tun yana da ƙafar zuwa. Na biyu kuma, in kana da wanda kuke musu da shi kullum, ka kula da shi, kuma in akwai abin yabo a wurinsa ka faɗa masa tun yana iya mayar maka da amsa. Kada ka bari sai ka durƙusa a cikin baƙin mai kana cewa tasa ta fi, a lokacin da maganar ba ta da sauran amfani.